Hotunan da Yaya Ya Ɗora

Yayana mai gyaran keken guragu ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Shi "masu keke" yake ce wa mutanen da yake yi wa aiki. In ka furta waccan kalmar ba zai tanka maka ba, zai ci gaba da ɗaure notinsa kamar bai ji ba, sai dai ranar ko bencin zama ba zai nuna maka ba. Mutanen layin kuwa Injiniya suke kiransa. Da tsokana aka fara, sunan ya bi shi, yanzu har matarsa haka take ce masa in ranta ya ɓaci. Ni kuma Auta yake kirana, duk da na haura hamsin, ina da jikoki uku da ciwon gwiwa.

Shagon nasa bai fi ɗakin girki girma ba. Yana tsakanin mai walda da mai sayar da fenti, a layin da motocin kaya suke juyawa. In ka shiga, tayoyi ne a rataye a sama bisa ƙusoshi, manya a dama, ƙanana a hagu, kuma in kana da tsayi sai ka sunkuya. Akwai gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da abin da ke cikinsa: boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe na cikin taya, noti, wayoyin taya, guntayen sarƙa. Babu rubutu a jikin ko ɗaya, amma ko idonsa a rufe zai miƙa hannu ya ɗauko wanda yake so. A bakin ƙofa ya zuba siminti ya yi gangara mai laushi da hannunsa, don mai keke ya shigo ba tare da an tura shi ba. Sau uku ya fasa gangaran nan ya sake, wai bai yi masa ba.

Abin da kowa ya sani game da Yaya shi ne ba ya kallon mutum, taya yake kallo. Mai keke zai shigo, su gaisa, kan Yaya yana ƙasa. Zai tsuguna ya juya taya ya saurara, ya ce, "Jiya ka bi ta bayan kasuwa, ko?" Mutumin ya yi dariya ya ce haka ne. In gyaran na bukatar a sauka daga keken, akwai benci mai tsawo daidai da tsayin kujerar, sai Yaya ya matso da shi, ya juya baya yana neman sifanar da ke cikin aljihunsa, har sai ya ji mutumin ya gama komawa kan bencin. Shekara talatin da tara yana neman sifanar nan.

Ni na san daga inda abin ya samo asali, don a gidanmu ya faru. Babanmu direban babbar mota ne. Ina da shekara goma sha biyu ya yi hatsari, ƙafafunsa suka daina aiki. Bayan ya dawo daga asibiti wata ƙungiya ta zo ta ba shi kujera mai taya, muka yi ta murna. Sun zo da mai hoto, aka ɗauki Baba a tsakar gida yana cikin kujerar, da tsohon zane a kan gwiwoyinsa, babu wanda ya ce masa uffan. Da sabuwar shekara sai ga hoton a kalanda. Shagon aski, kantin magani, ofishin tashar motar da ya yi aiki shekara ashirin, ko'ina Baba ne a bango. Mutumin da in ya shigo tasha yaran mota suke miƙewa. Ya shiga ɗaki, ya yi shekara guda bai leƙa ƙofar gida ba. Kujerar kuwa wata uku ta yi boris ɗinta ya ci. Yaya yana da shekara goma sha tara a lokacin, yana koyon gyaran keke, shi ya kwance ta a tsakar gida ya gyara. Daga nan sana'ar ta kama shi. Ban taɓa jin ya yi maganar kalandar nan ba, amma na san ya bi shagunan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a cire.

To, bara da farkon damina Mai Walda ya ce zai tashi. Idonsa ya yi rauni, ɗansa ya ce ya koma wurinsa a wani gari ya huta, kuma injin waldar ɗan zai ɗauka. Ya ba da wa'adin wata shida. Wanda bai san aikin ba zai ce mene ne a ciki. Rabin aikin Yaya walda ce. Keken hannu mai taya uku a gindin kujera yake karyewa, kuma in ya karye, Yaya kan ɗauke shi ya zagaya ƙofa ɗaya, kafin mai keken ya gama shan ruwa an haɗa. In Mai Walda ya tafi, sai an kai ƙarfen can ƙarshen gari wurin masu yin ƙofofi, su kuma ba sa kallon ƙaramin aiki sai sun ga dama, kwana uku, kwana huɗu. Kai da ni in kekenmu ya kwana huɗu a wurin gyara sai mu taka. Mai keke kuwa kwana huɗun nan a ɗaki zai yi su. Yaya ya iya walda, a gefen maƙwabcinsa ya koya. Injin ne ba shi da shi, kuma abin da yake samu bai kai ya saya ba, don rabin masu kekensa "Allah ya saka" suke biya.

Ni shekara ashirin da shida na yi ina buga takardu a ofishin makaranta. Da na yi ritaya na sayi tsohuwar kwamfuta, na kama lungu a wani shagon fotokwafi, ina cike wa mutane fom. Ranar da matar Yaya ta kira ni ta ce Injiniya ya daina cin abincin rana, na ce ta kwantar da hankalinta, gwamnati tana ba da tallafi ta intanet, bari in duba.

Dubawar ma aiki ce. Kafin ka kai ga shafin gwamnati na gaskiya sai ka tsallake na ɓarayi biyar, kowanne da tambari mai kyalli, kowanne yana cewa ka fara biyan kuɗin rajista. Mai fenti saura ƙiris ya faɗa hannunsu, ni na ƙwace wayar daga hannunsa. A shafin gaskiya ba a biyan komai. Jerin tallafi ne ya fi ɗari, sai ka rubuta abin da kake nema a akwatin bincike ka tace. Na manoma, na masu kiwon kifi, na mata, na matasa 'yan ƙasa da talatin da biyar, wanda Yaya ya wuce shi da shekara ashirin da uku. Kwana biyu ina karanta sharuɗɗa har idona ya yi ja. A rana ta uku na ga wanda kamar don shi aka rubuta: tallafin kayan aiki ga ƙananan sana'o'in da ke yi wa masu bukata ta musamman hidima. Ba bashi ba ne, kuma saura wata biyu a rufe.

Na ɗauki kwamfutar na tafi shagon da hantsi. Na share giris daga kan bencin na zauna.

"Yaya, na samo maka injin walda."

Yana tsugune yana faci. Ya ce, "A ina kika ajiye shi?"

"Yana cikin nan. Sai mun yi rajista."

"Gwamnati ta san da ni ne?"

"Yau za ta sani. Wanke hannunka."

Ashe kafin ta san shi sai ya zama mutum a takarda. Sana'ar shekara talatin da tara ba ta da rajista, ba ta da suna, ba ta da asusun banki. Mako uku muka yi a kan wannan kaɗai, ni ce a layi, shi yana shago. Da aka tambayi sunan sana'a ya ce a rubuta "Gyaran Keke". Na ce Yaya ko ɗan ado babu? Ya ce abin da yake yi ke nan.

Ranar rajistar shafin kuwa na ga ta kaina. Na buɗe masa imel, aka zo kalmar sirri. Duk abin da ya faɗa sai shafin ya ƙi, wai sai da babban harafi, da lamba, da wata alama. Ya ce, "Kwaɗon shagona bai kai wannan fitina ba, kuma ba a taɓa yi min sata ba." Muka samu ta wuce. Sai aka ce an tura lambar tabbatarwa ta wayarsa, minti goma za ta yi ta mutu. Na ce ina wayar? Ya ce tana hannun matarsa, ta tafi asibiti duba ƙanwarta. Na kira ta, ta karanto min lambar a juye sau biyu, ta uku lokaci ya ƙare. Na ce innalillahi, ni wa na yi wa laifi.

Sai kuma abin nan da ake cewa ka tabbatar kai mutum ne, ka zaɓi hotunan da ke da keke a ciki. Nan na yi kuskuren juya masa fuskar kwamfutar. Ya sa tabarau, ya matso, ya ce wannan keke ne, wannan ma. Na kai hannu zan danna na uku ya riƙe ni.

"Wannan tayar babur ce."

"Yaya, su keke suke nufi."

"Dubi kaurin wayoyin, Auta. Ni zan yi wa gwamnati ƙarya tun daga ƙofa?"

Muna cikin gardama hotunan suka ɓace, aka kawo na motocin bas. Ya ce wannan ba fanninsa ba ne, ya koma kan facinsa.

Fom ɗin kansa kashi bakwai ne, kuma yana da kyau ɗaya, kana iya ajiyewa ka dawo gobe. Kullum bayan la'asar nake zuwa mu cike kashi guda. Yana ba ni amsa yana aiki, ni kuma ina mayar da ita maganar ofis. In na karanta masa sai ya ce, "Ni na faɗi haka?" Da aka tambayi mutum nawa yake yi wa aiki a wata, ya ce ba ya ƙirga mutane, amma ya san kekuna. Ya rufe ido ya lissafo su ta launi da irin ciwonsu: shuɗi mai karkatacciyar feda, baƙi mai birkin igiya, ja wanda kujerarsa ta katako ce. Saba'in da huɗu ya kawo. Na rubuta, ni kaina ban san sun kai haka ba. Mai Walda ya rubuta mana irin injin da ya dace, muka karɓo takardar farashi daga shaguna biyu kamar yadda aka nema, na ɗauki hotonsu na ɗora. Komai yana tafiya sumul har muka iso kashi na shida.

Kashi na shida ya ce a ɗora hotunan aƙalla mutum goma da ke amfana da sana'ar. Tare da shi akwai takardar amincewa da za a sauke a buga, kowane mai hoto ya karanta, in ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, in bai yarda ba shi ke nan. An kuma rubuta cewa masu tantancewa ne kaɗai za su gani. Na buga guda ashirin na kawo masa.

Ya karanta a tsaye, a hankali, leɓɓansa suna motsi. Ya ninke takardun ya ɗora a kan katakon gwangwanaye.

"Wannan ba za a yi ba."

"Yaya, ka karanta da kyau. Sai wanda ya yarda."

"Mutumin da kekensa ke hannuna, in ce masa ka yarda? Zai ce a'a ne?"

"To ni in tambaye su."

"Ke ƙanwata ce. Duk ɗaya ne."

Na yi lallashi, na yi faɗa. Na ce masa zamani ya canza, kowa yanzu hoton kansa yake ɗauka yana watsawa. Na ce babu kalanda a nan. Da na faɗi kalmar sai ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi, na ji kunya ta rufe ni. Matarsa ta sa baki, Mai Walda ya sa baki, har mai fenti. Ya yi ƙememe. Yaya ba ya ɗaga murya, shi ya sa faɗa da shi yake da gajiyarwa, kana zuba yana goge sarƙa.

Washegari ya ce in ara masa wayata in nuna masa inda ake dannawa. Raina ya yi fari, na ce an shawo kansa. Mako guda wayar tana kwana biyu a wurinsa, kwana ɗaya a wurina. Ranar da ya ce ya gama na zauna na buɗe. Hoto goma sha biyu, babu fuskar mutum ko ɗaya. Tayoyi ne, da sarƙoƙi, da mariƙin hannu.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya zauna kusa da ni, yana murna kamar wanda ya gama jarrabawa. Ya nuna na farko, ya ce wannan tayar ta cinye ta gefen hagu, saboda hanyar gidan mai ita a karkace take, kullum sai ya hau ta zuwa wurin sayar da jarida. Wannan mariƙin an naɗe shi da robar tib ninki uku, saboda tafin hannun mai shi yana tsagewa da sanyi. Wannan ƙaramin kwando da ke baya shi ya haɗa shi, mai keken ta haihu, a ciki take sa kayan jariri. Wannan sarƙar kuma, in duba da kyau, farin da ke tsakanin haƙoranta garin alli ne, ta Malama ce, mai koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Duk wata sai ya wanke mata ita.

Wallahi na ga abin da yake gani, kuma idona ya ciko. Amma na yi aikin ofis, na san yadda ake duba takarda. Na ce masa wanda zai buɗe wannan yana da fom ɗari biyar a gabansa, jerin sharuɗɗa ne a hannunsa, zai duba ya ga babu mutum, babu sa hannu, ya wuce.

Ya ce, "In mai hankali ne zai gane."

"In kuma mai gaggawa ne fa?"

"To ba rabona ba ne."

Saura kwana biyu a rufe. Na san gidajen masu keke aƙalla biyar, na san makarantar Malama. Zan iya zagayawa ta bayansa, na kuma yi tunanin haka a kan hanyar gida. Ban yi ba. Tun ina ƙarama ban taɓa tsallake maganar Yaya ba, bakin ne kawai da ni. Na rage girman hotunan don shafin ya karɓa, na ɗora su, na rubuta bayanin kowanne a ƙasa kamar yadda ya faɗa. Ya sa yatsansa mai baƙin giris ya danna "aika" da kansa. Aka turo lambar shaida, ya sa na rubuta masa ita a bangon shago da alli.

Muka shiga jira. Kowace safiya nakan shiga shafin in duba, kullum "ana tantancewa". Yaya bai taɓa tambayata ba, amma na lura ya share wani lungu kusa da ƙofa, ya kira mai gyaran wuta ya ja masa waya mai kauri zuwa wurin. Damina ta ƙare. Ɗan Mai Walda ya zo da mota, aka loda injin da tukunyar gas da tsohon da kansa. Kafin ya hau ya ba Yaya gilashin fuskarsa na walda, ya ce ya ajiye kafin nasa injin ya iso.

Bayan kwana tara saƙon ya shigo. An gode masa, an yaba wa aikinsa, amma ba a yi nasara ba a wannan karo, saboda babu shaidar waɗanda ke amfana kamar yadda kashi na shida ya nema. Ana iya sake nema in an buɗe zagaye na gaba, bayan wata goma sha ɗaya. Na karanta masa ban ƙara ko kalma ba, kuma Allah ya sani bakina yana ƙaiƙayi. Ya ce, "To, madalla." Ya tambaye ni ko yaran suna lafiya.

Ranar Litinin ta mako na biyu bayan haka na biya ta shagon da safe in kai masa maganin matarsa, na tarar da Malama. Ni da ita mun san juna tun ina ofishin makaranta, mace ce mai tsabta da kaifin harshe, ɗalibai suna tsoronta suna kuma son ta. Shekara goma sha tara Yaya yana kula da kekenta. Tana zaune a kan dogon bencin, jakarta a cinya, keken kuma yana kwance a gefe, ƙarfen gindin kujera ya rabu biyu. A ramin bakin layi ya karye, da ƙyar ta lallaɓo shi zuwa ƙofa.

Yaya yana ce wa ƙarfen, "Sai an kai ƙarshen gari, Malama. Zan roƙe su. Laraba ko Alhamis."

Ta ce, "Jibi 'yan aji uku suke fara jarrabawa, Injiniya. Ina waldar da ke nan?"

Ya ce maƙwabcin ya tashi. Ya kwance boris ɗin tayar gaba don kada su ɓace a hanya, ya miƙa hannu kan katako ya jawo takarda ya ƙunshe su, ya ba ta ta riƙe. Malama kuwa ba a ba ta takarda ta ƙi karantawa, ko ta ƙunshin gyaɗa ce. Ta zuba boris ɗin a tafin hannunta, ta warware takardar ta shimfiɗa a kan jaka. Takardar amincewar ce. Ta karanta har ƙasa, ta juyo gare ni.

"Wannan ta mece ce?"

Na dubi Yaya, kansa yana ƙasa. Na gaya mata komai, tun daga tashin Mai Walda har zuwa saƙon, ban rage hotunan tayoyi ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta goge bakin takardar da yatsa.

"Injiniya, sarƙata ka ɗauka hoto?"

"Eh, Malama."

"Ni kuma fa? Ina zaune a nan lokacin?"

"Kina nan."

"Me ya hana ka ba ni wannan takardar?"

Ya ɗauki sifana. Sannan, a karo na farko a rayuwata, na ji ya ba da labarin kalandar Baba da bakinsa. Bai tsawaita ba, yana magana yana juya sifana a hannu. Ya ce tun ranar ya yi alkawari babu mai keken da za a nuna wa duniya ta hannunsa.

Malama ta saurara. Muryarta ba ta tashi ba da ta yi magana.

"Allah ya jiƙan Baba. Abin da aka yi masa bai kyautu ba, ba a tambaye shi ba." Ta ninke takardar biyu. "Ni ma ba ka tambaye ni ba, Injiniya. Kullum ina gaban yara sittin, suna kallona tun daga ƙofa har allo. Fuskata ba abin ɓoyewa ba ce. Wataƙila in ce eh, wataƙila in ce a'a, amma ni zan faɗa. Mu saba'in da huɗu ka amsa mana kai kaɗai."

Wata motar kaya tana juyawa a waje, yaron motar yana buga mata gefe. Na ji tausayin yayana ya kama ni har cikin ƙashi, na kuma ji kunyar kaina, don maganar ta same ni ni ma. Na san hanyar makarantarta sarai.

Dole ta koma gida. Na fita na tare tasi, direban ya matso da ita iya inda zai iya, amma tsakanin bencin da ƙofar motar akwai taku goma, kuma babu keke. Na kira matar mai fenti. Muka kama Malama, ni ta kafaɗu, ita ta ƙafafu, jakarta tana zamewa, takalminta ɗaya ya faɗi. Masu lodin kaya sun tsaya, masu jiran mota sun juyo, layin gaba ɗaya yana kallo. Yaya ya juya baya yana fuskantar gwangwanayensa, hannunsa a aljihu.

A daidai kan gangaran ƙofa Malama ta ce mu dakata. Numfashina yana fita da ƙyar, amma muka tsaya.

Ta ce, "Juyo, Injiniya. Yau kam sai ka gani."

Ya juyo. Ya tsaya yana kallo har muka kai ta motar, muka zaunar da ita, muka gyara mata ƙafafu. Ya sunkuya ya ɗauki takalmin, ya tako har bakin motar ya miƙa mata a hannu, hawaye yana bin gemunsa. Ta karɓa, ta ce wa direba su tafi.